Kafin Ka Ƙara Wa Gidanka Wuta, Ƙwanƙwasa Ƙofar Masu Ita



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu tattauna a kan wata mas'ala da ba kasafai ake ɗauko ta a zauren karatu ba, alhali kuwa ta shafi gidan kusan kowannenmu. Mutum ne Allah Ya yi wa buɗi, ya ƙara ɗakuna, ya haƙa burtsatse, ya sayo firiza da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya wayi gari wutar gidan ta kasa ɗaukar kayan. Fis yana ta ƙonewa, ƙwai yana dishi-dishi, soket yana warin roba. Abin da akasarinmu muke yi a irin wannan hali sananne ne. A kira wani mai tsani a unguwa, ya hau falwaya bayan la'asar, ya jawo ƙarin waya biyu, ya ciro mita daga wannan bango ya kafa ta a wancan, a ba shi na goro, kowa ya kama gabansa.

Ra'ayina a kan wannan ɗabi'a shi ne kuskure ce babba, kuma wajibi ne duk wanda zai ƙara wa gidansa ƙarfin wuta ya bi ta hannun kamfanin da ke rarraba ta, komai jinkirinsu, komai kuma haushinsu da yake ji. Na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, don haka zan kawo dalilaina, sannan in kawo hujjar masu ganin akasin haka, domin ita ma tana da ƙarfinta.

INA IYAKAR GIDANKA TA TSAYA?

Har yau bakinmu ya saba da cewa NEPA ta kawo wuta, NEPA ta ɗauke wuta, duk da cewa an daɗe da rufe babin wannan hukuma. An kafa ta a 1972, aka mayar da ita PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanoni 11. A Arewa, KEDCO ne ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna yana da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Na Jos yana da Filato da Bauci da Gombe da Binuwai, na Yola yana da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, na Abuja kuwa yana da babban birnin tarayya da Neja da Nasarawa da Kogi. A samansu akwai hukumar NERC mai tsara dokoki da farashi, da hukumar NEMSA mai duba ingancin kayan wuta da aikin haɗa su. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, wasu jihohin har sun karɓi wannan aiki.

Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya gane inda ikonsa ya ƙare. Taransifoma da falwaya da wayoyin da ke kanta suna ƙarƙashin kulawar kamfani. Ita ma mita, ko da kuɗinka ka biya aka kawo ta, an ɗaure ta da hatimi, an rubuta ta da adireshin gidan, ba ka da izinin buɗe ta ko sauya mata wuri sai da saninsu. Daga bayan mita zuwa cikin ɗakunanka, nan ne mulkinka yake. Ashe ke nan mai son komawa daga layi ɗaya zuwa layi uku, wato abin da masu aikin suke kira singil fes da tiri fes, ko mai son a sauya masa wayar da ta taso daga falwaya, aikinsa ya tsallaka katangar gidansa ya shiga abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa.

LISSAFIN DA BA MA YI

Yawancin tsofaffin gidajenmu an yi musu wayarin ne a zamanin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwai goma da fanka huɗu da rediyo da talabijin ba. Duka wannan da ƙyar ya kai wat 1,000. A layi ɗaya mai ƙarfin bolt 230, abin da zai bi ta cikin waya bai kai amfiya 5 ba.

To, mu ɗauki misalin gidan nan bayan buɗi ya zo. Na'urar sanyaya ɗaki guda biyu matsakaita, kowace kusan wat 1,200. Hitar ruwan wanka kusan 2,000. Dutsen guga kusan 1,200. Injin jawo ruwa mai ƙarfin doki ɗaya kusan 750. Firji da firiza da fitilu da fankoki, a ce 800. In aka kunna su tare an haura wat 7,000, wato sama da amfiya 30 ke nan. Ga shi kuma duk abin da ke da mota a cikinsa, irin su firiza da injin ruwa, a lokacin tashi yakan fizgi ninkin abin da yake ci in ya daidaita.

Abin lura a nan shi ne zafin da waya take yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora mata. In aka ninka nauyin sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. In aka ninka sau uku, zafin ya ninku sau tara. Shi ya sa masana suka ware wa kowane aiki kaurin wayarsa: fitilu mai milimita 1.5, soket mai 2.5, manyan kaya irin su hita da na'urar sanyaya ɗaki mai 4 ko 6. Fis kuwa an yi shi ne domin ya ƙone kafin waya ta ƙone. Mu kuma in ya dame mu da ƙonewa, sai mu samo wayar tagulla mai kauri mu naɗa a gurbinsa, mu ce mun yi maganinsa. Daga ranar nan mai gadin gidan ya tafi, sauran zafin kuma yana can cikin silin, tsakanin busasshen katako da ƙura, yana jiran daren da kowa zai yi barci.

WA KE BIYAN KUƊIN GAGGAWARKA?

Da a ce cutar a kan mai gidan kaɗai take tsayawa, da sai mu yi masa nasiha mu wuce. Amma akwai mutane uku da aikin nan yake taɓawa ba tare da an shawarce su ba.

Na farko maƙwabci. Taransifomar unguwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma layi uku take fitarwa, waɗanda ake so a raba musu gidaje daidai wa daida. Idan kowa yana jawo abin da ya ga dama, kamfani bai sani ba, lissafin da ke takardarsu daban, nauyin da ke kan taransifoma daban. Kowa ya san al'adarmu ta zare fis daga layin da ya yi rauni a mayar da shi kan wanda ya fi ƙarfi. Kafin sha'i duk unguwa ta taru a kan layi guda, wutar ta yi ƙasa. Idan kuwa wuta ta yi ƙasa, injin firji yakan ƙara ja domin ya cika aikinsa, har ya yi zafi ya ƙone. Mai gidan da ya jawo layi uku yana da mafaka, wadda ba ta da ita ita ce bazawarar da take sayar da ƙanƙara da zoɓo da firiza guda, tana ciyar da marayu. Ranar da taransifomar ta buga kuwa, unguwa ce gaba ɗaya za ta kwana cikin duhu na makonni, a koma bin gida gida ana karɓar karo-karo.

Akwai kuma wata musiba da ta fi wannan saurin ɓarna. A cikin wayoyin da ke kan falwaya akwai ta dawowa, wadda masu aikin suke kira nitiral. Idan mai tsani ya ɗaura ta sako-sako, ko ya ruɗe ya haɗa layi a gurbinta, ƙarfin da zai shiga wasu gidaje yana iya tashi daga bolt 230 ya doshi 400. Cikin ƙiftawar ido talabijin da caja da firji na gidaje da yawa sun tafi. Wa zai biya su? Mai tsanin ya riga ya sauka ya yi gaba.

Na biyu ma'aikacin layi. Mutane da yawa yanzu in za su faɗaɗa wutar gida sukan haɗa da janareta ko sola da inbata. Wannan abu ne mai kyau, da sharaɗin a sa na'urar sauya layi, wadda ake kira canjoba, ta yadda wutar gida ba za ta taɓa haɗuwa da ta waje ba. Idan babu ita, wutar janaretanka tana iya komawa da baya ta hau falwaya. Taransifoma kuwa ba ta san gaba da baya ba. Kamar yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa abin da gida zai iya ɗauka, haka take iya ɗaga taka ta mayar da ita dubbai. Ga wani bawan Allah can a kan falwaya, an tabbatar masa an kashe layi, ya miƙa hannu. Shi ma uban wasu ne, da safe ya fito neman abin da zai kai musu.

Na uku shi kansa mai tsanin. Galibi yaro ne matashi, ba safar hannu, ba igiyar ɗamara, ba wanda zai kashe masa layi. Mun sani sarai aikin yana kisa, amma muka zaɓe shi domin ya fi araha. In ya faɗo sai mu ce kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa ajali ba ya wuce lokacinsa, sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhakin sakacinsa ba.

"AI SU MA SUNA ZALUNTAR MU"

Wannan ita ce hujjar da za ka fi ji, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Miliyoyin masu amfani da wuta a ƙasar nan har yau ba su da mita, duk da shirin samar da mita na 2018 da wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2020. Ana kawo wa mutum bil na ƙiyasi a watan da bai ga wuta ta kirki ba, har sai da NERC ta sa wa irin wannan bil iyaka a 2020. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A mai alƙawarin aƙalla awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, sannan a watan Afrilu na 2024 farashin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, kafin a ɗan rage shi daga baya. Unguwanni nawa ne suka sayi taransifoma da falwaya da kuɗin aljihunsu, alhali NERC ta sha nanata cewa wannan nauyin kamfani ne? Mutum ya kai takarda ofis a yi ta ce masa gobe, jibi, sai ya gane ana jiran ya motsa aljihu. Duk wannan yana faruwa.

Har na ji wasu masu ɗan karatu suna jawo wata mas'ala ta fiƙihu, wadda malamai suke kira mas'alatuz zafar, wato hukuncin wanda aka danne wa haƙƙi, sai ya sami damar ɗaukar kwatankwacinsa daga dukiyar wanda ya danne masa. Da ita suke kafa hujjar jona waya ta bayan mita. Amsa ita ce malamai sun yi saɓani a kan asalin mas'alar, kuma waɗanda suka halatta sun gindaya sharuɗɗa. Daga ciki akwai kada mutum ya ɗauki fiye da haƙƙinsa, kuma ya amince abin ba zai haifar da fitina ko zubar masa da mutunci ba. To, mai jona ta bayan mita, da wane mudu ya auna abin da yake bin kamfani, da wane kuma yake auna abin da yake ɗiba? Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Mutuncinsa kuwa yana hannun ranar da za a kama shi a gaban iyalinsa. A farkon 2025 NERC ta ɗaga tarar wannan laifi zuwa naira 100,000 ga mai layi ɗaya da 200,000 ga mai layi uku a karon farko, ban da biyan kuɗin wutar da aka sha.

Abu mafi muhimmanci shi ne ramuwar ba a kan wanda ya yi zaluncin take sauka ba. Manajan kamfani yana can yana barci cikin sanyi. Wutar da aka sha ba a biya ba, ƙarshenta asara ce da ake lissafawa cikin farashi, ta dawo kan masu biya. Firjin da ya ƙone na maƙwabcinka ne. Babu wata mazhaba da ta ce in Audu ya mare ka, ka rama a kan Tanko.

HANYAR DA TA DACE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar faɗaɗa gida ya fara maganar wuta tun ana aza tubali, kada ya bari sai kaya sun iso.

1. Ka nemo ƙwararren mai aikin wuta, wanda yake da takardar shaida daga NEMSA, ka roƙe shi ya nuna maka ita. Ya rubuta duk kayan da kake da su da waɗanda kake shirin saye, ya fitar da jimillar nauyin. Sau da yawa za a tarar ba ka buƙatar layi uku, gyaran wayoyin cikin gida da raba su yadda ya kamata ya wadatar.

2. In lissafi ya nuna sai an ƙara, ka je ofishin kamfani na yankinku da kanka, da lambar mitarka ko ta asusunka, ka rubuta buƙatarka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baka da wani ma'aikaci a bakin titi ba ta zama shaida.

3. Ka bari su zo su duba ko taransifomarku za ta ɗauka, da layin da ya kamata a ɗora ka. Mitar layi ɗaya ba ta aiki a kan layi uku, don haka ka tambayi yadda za a sauya ta, da makomar kuɗin katin da ya rage a tsohuwar, da bashin da ke kan asusun in akwai.

4. Kada ka biya ko sisi a hannun mutum. Ka biya ta asusun kamfani ka karɓi rasit. Kuɗin da ba shi da rasit, ko da an kira shi na mai ko na goro, kai ma ka san sunansa na gaskiya.

5. Ku tsayar da ranar aiki tare, domin ma'aikatansu su kashe layi, su kuma mayar da hatimin mita da hannunsu. Ka sanar da maƙwabta tun da wuri. Wani yana da nama a firiza, wani yana da maganin da ba ya son zafi, wani tela ne da ya ɗauki alƙawarin ɗinki.

6. Kafin a saki wuta, a gwada aikin. A tabbatar an kafa sandar ƙasa an haɗa ta da kyau, an sa na'urar da ke katse wuta da kanta in ta fara zurara ta jikin mutum, musamman a banɗaki da kicin, an kuma sa canjoba in akwai janareta ko sola.

7. In aka yi maka jinkiri ko aka nemi cin hanci, ka kai ƙara a rubuce ga sashen ƙorafi na kamfanin. In ba su share maka hawaye ba, ka wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke yankinku, ko hukumar jiharku in ta karɓi aikin. Takardun nan da ka adana su ne makaminka.

Wanda yake haya kuma ya sani, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi sai da yardar mai gida.

Na san hanyar nan ta fi tsawo, ta kuma fi tsada a ranar farko. Amma a kwatanta ta da kuɗin sake rufin gida bayan gobara, ko da tsayuwa a gaban iyayen yaron da ya faɗo daga falwaya saboda aikinka.

KIRA GA ƁANGARORI BIYU

Ga kamfanoni, ku sani sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk ranar da kuka ƙara wa mai neman izini ta jira, kun ƙara wa mai tsani kasuwa. Ku rubuta matakan da kuɗinsu da kwanakin da za su ɗauka cikin harshen Hausa, ku liƙa a ƙofar kowane ofis, ku faɗa a rediyo. Ku hukunta ma'aikacin da yake aikinku da rana, yake na aljihunsa da dare da tsaninku da rigarku. Mutumin da ya zo da ƙafarsa yana cewa zai ƙara shan wuta kuma zai biya, ciniki ya kawo muku, bai kamata ya fita yana da-na-sani ba.

Ga mu kuma, musamman masu kula da masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen malamai, gyara daga kanmu zai fara. Ba daidai ba ne a ga wurin da ake koyar da amana an jawo masa wuta ta ɓarauniyar hanya, a ce ai aikin Allah ne. Yaran da ke zaune a ƙarƙashin fankar nan suna gani, kuma abin da suka gani ya fi abin da aka biya musu a allo zama a zuciyarsu. Masu unguwanni da limamai su ma suna da rawar takawa, domin in unguwa ta haɗa kai ta rubuta takarda guda da sa hannun gidaje hamsin, jin ta ya fi na mutum ɗaya sauri.

Hausawa suna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan kuwa gemunanmu duka a kan waya guda suke. Wanda Allah Ya hore wa abin da zai ƙara wa gidansa haske da sanyi, godiyar wannan ni'ima ita ce kada maƙwabcinsa ya kwana cikin duhu saboda shi.

Allah Ya tsare mu da gobara da mummunar ƙaddara, Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke amfani da shi, Ya ba shugabanninmu ikon gyara. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.